Masu walda a garuruwan mai: a lokacin wadata ake karyewa

Wanda ya bi hanyoyin yammacin Texas ko Oklahoma a Amurka, ko karkarar Alberta a Kanada, zai lura da shingayen shanu da ƙofofin gonaki. Da yawa daga cikinsu tsofaffin bututun rijiyoyin mai ne, waɗanda aka zaro daga ƙasa bayan sun gama aiki, aka yayyanka, aka liƙe da walda. Kamfanin mai ya yar, makiyayi ya saya da arha, mai walda ya mayar da su garke. Sau tari mutumin da ya haɗa shingen shi ne wanda shekara biyu baya ba ka isa ka same shi a waya ba, domin yana can filin haƙa dare da rana, ana biyansa kuɗin da makiyayi ba zai taɓa iya biya ba. Da farashin gangar mai ya faɗi sai ya dawo bakin garke. Wasu ma ba su samu dawowa ba, an yi gwanjon injinansu.

Abin da ke raba wanda ya dawo da wanda aka yi wa gwanjo shi ne zancen. Mutane kan ɗora laifin a kan faɗuwar farashi, kuma da gaskiyarsu. Amma in aka bi diddigi, akasarin shagunan walda da ƙira da ke rufewa a garuruwan mai sun kamu da ciwon tun kasuwa na ci. Faɗuwar farashi gawa kawai take fitarwa.

Farashin ɗanyen mai bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Takunkumin da ƙasashen Larabawa suka sa a 1973 ya ɗaga ganga daga wajen dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni, juyin juya halin Iran na 1979 ya ƙara tura ta sama da 30. Kamfanin Baker Hughes, wanda ke ƙirga injinan haƙar rijiya da ke aiki duk mako, ya ƙirga 4,530 a Amurka a Disamba 1981. A 1986, bayan Saudiyya ta gaji da rage haƙo ita kaɗai ta buɗe famfo, ganga ta gangaro zuwa wajen dala 10, injinan suka koma ƙasa da 700. A Yuli 2008 ganga ta taɓa dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta dawo talatin da wani abu. A tsakiyar 2014 tana sama da 100. A Nuwamba ƙungiyar OPEC ta ƙasashe masu fitar da mai ta zauna a Vienna ta ƙi rage haƙo, zuwa farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30. Sai kuma ranar 20 ga Afrilu 2020, tsakiyar annobar korona, da farashin man Amurka na kwantiragin wata mai zuwa ya nutse ƙasa da sifili, har ya rufe a dala 37 da ɗoriya ta baya, wato mai kaya ne ke biya a raba shi da kayansa don ba wurin ajiya.

Mai walda ba ya sayar da mai, to me ya sa guguwar ta fi kayar da shi? A dubi bulala. Hannun mai riƙe da ita ɗan motsi yake yi, amma bakinta shi ke yin tsalle har ya yi ƙara. In farashi ya faɗi, kamfani ba ya rufe rijiyoyin da ke ba da mai, tunda an riga an kashe kuɗin haƙa su. Sabon aiki yake tsayarwa. Saboda haka man da ƙasa ke fitarwa kan ragu kaɗan, amma haƙar sabbin rijiyoyi sai ta zube warwas. Injinan da ke haƙar mai a Amurka sun kai 1,609 a Oktoba 2014, suka koma 316 a Mayu 2016: huɗu cikin kowane biyar sun tsaya. Kowace sabuwar rijiya kuwa tana jawo jerin aikin ƙarfe a bayanta: tankuna, matakala da dogaran hannu, ginshiƙan ɗora bututu, sirdin ƙarfe da ake girke famfo a kai, gyaran tirelolin ɗaukar ruwa da yashi. Babban kamfani ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya yanko wa na ƙasa da shi, a haka har aiki ya iso shagon mutum takwas. A bakin bulala yake.

Haƙar mai daga dutsen da ake fasawa da ƙarfin ruwa, wadda ta farfaɗo da yankin Permian a Texas da Bakken a Dakota ta Arewa, ta ƙara wa bulalar tsawo. Irin waɗannan rijiyoyi kan rasa fiye da rabin ƙarfinsu a shekarar farko, don haka dole a yi ta haƙa sabbi, kuma ana iya fara aikin ko a tsayar da shi cikin makonni. Ba kamar dandalin haƙar mai na cikin teku ba, wanda in an soma sai an yi shekaru kafin a gama.

Yanzu a shiga cikin shago a lokacin da ganga ke sama. Waya ba ta hutawa. Wakilin kamfani ba ya tambayar nawa ne, yaushe za a gama yake tambaya, domin injin haƙa da ya tsaya yini guda yana cin dubban daloli a banza. Mai shago ya ga aikin da ya fi ƙarfin hannunsa, sai ya ɗauki ƙarin ma'aikata, ya ƙara albashi don kada maƙwabci ya ɗauke masa su. Ya sayi akori-kura biyu ko uku, kowace da injin walda na Lincoln ko Miller a bayanta. Ya kama fili mai faɗi da yarjejeniyar haya ta shekara biyar, a garin da kuɗin haya ya haukace. Williston ta Dakota ta Arewa tana da mutum ƙasa da 15,000 a ƙidayar 2010, zuwa 2020 ta kusa ninkawa, har ma'aikata na kwana a mota da sansanonin kwantena. Ya sa ƙugiyar ɗaga kaya a rufin shago, ya sayi injin yanka ƙarfe mai aiki da kwamfuta. Duk da kuɗin banki, wanda a irin wannan lokaci shi ke bin mutum da takardar rance.

Babu wauta a ko ɗaya daga cikin waɗannan in aka ɗauke su ɗaiɗai. Matsalar tana wajen lissafin lokaci. Bashin injin na shekara biyar ko bakwai ne, hayar fili ta shekara biyar ce, amma takardar aikin da aka dogara da ita kamfani na iya soke ta da saƙo guda. An ɗauki nauyi mai dogon wa'adi an ɗora a kan kuɗin shiga da ba shi da wa'adi ko kaɗan.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko illa, don ba ya fitowa a littafin akawu. Manomi ya shigo da garmar tarakta da ta karye, mai katafila ya kawo bokitin da haƙoransa suka cinye, hukumar gari na son a gyara mata ƙofar ma'ajiya. Ayyukan 'yan ɗaruruwan daloli ne, ga kuma kwangilar dubu ɗari na jira. Sai a ce musu su dawo bayan wata uku, ko a yanka musu farashin kamfanin mai. Su kuwa sai su nemi wani. An ga hadari an zubar da ruwan tulu. Ranar da aka koma neman su, sun riga sun saba da wanda bai kore su ba.

Sannan ga batun biyan kuɗi, wanda wanda bai taɓa riƙe shago ba ba zai gane zafinsa ba. Manyan kamfanoni kan biya bayan kwana 60 ko 90 da miƙa takardar kuɗi, wani lokaci fiye. Mai shago kuwa yana biyan ma'aikata duk mako ko mako biyu, dillalin ƙarfe na son kuɗinsa cikin wata guda, ga iskar gas da sandunan walda da man janareta. A ɗauka shago na yin aikin dala 200,000 a wata, ana biyansa bayan wata uku. Ke nan kullum akwai dala 600,000 tasa a hannun mutane. Ƙaramin shago ya zama bankin babban kamfani, bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa, alhali shi da kansa rancen banki mai ruwa ya ci ya toshe giɓin. Gwargwadon bunƙasar aiki, gwargwadon faɗin ramin. Shi ya sa za ka ga shagon da riba ta cika takardunsa amma ranar biyan albashi sai an yi ta buge-bugen waya.

In farashi ya juya, abubuwan kan zo bi da bi. Da farko sai a ji wayar ta yi shiru. Sai saƙo ya zo cewa a dakatar da aikin da ke hannu sai baba ta gani, ga tanki rabi a haɗe a tsakar fili, an yanka ƙarfensa daidai da awon kamfani guda, ba mai sayensa sai a matsayin ƙarfen kilo. Sai wasiƙa ta biyo baya ana neman duk masu kawo kaya su rage farashi in suna son a ci gaba da hulɗa. Kwana 90 ya zama 120. Daga nan sai a ji kamfanin ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Fiye da kamfanonin haƙo 100 ne suka yi haka a Arewacin Amurka a 2015 da 2016. A 2020 manya irin su Whiting Petroleum da Chesapeake Energy suka bi sahu.

A kotun ma layi ake bi. Bankuna da masu riƙe da jingina su ne a gaba, mai walda da takardar kuɗinsa yana can baya tare da mai kawo ruwa da mai shara, sai abin da ya rage. A dokar Amurka har akwai wani abin da ya fi wannan ciwo: kuɗin da kamfanin ya biya ka cikin kwana 90 kafin ya shiga kotu ana iya neman ka dawo da su, a kan cewa an fifita ka a kan sauran masu bin bashi. Jihohi irin su Texas da Oklahoma sun ba wanda ya yi aiki a rijiya damar ɗora da'awarsa a kan rijiyar da kayanta, amma sai ya shigar da takarda cikin wa'adi. Masu shaguna da dama ba sa yi, don gudun ɓata wa babban abokin ciniki rai. Kunyar tana da tsada.

Ko bankin ma ba shi da tabbas. A Yuli 1982 bankin Penn Square na birnin Oklahoma, wanda ya yi ta zuba rance a harkar mai, ya rushe, ɓaraguzansa suka taimaka wajen durƙusar da bankin Continental Illinois na Chicago bayan shekara biyu. Bankin da ya tsira kuwa yakan janye rancen da shago ke juya harkarsa ta yau da kullum da shi daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Mai shago ya ce bari ya sayar da mota biyu ya rage bashi, ya tarar kowa a garin abin da yake yi ke nan. Filayen gwanjo sun cika da akori-kura da injinan walda iri ɗaya, farashi ya faɗi ƙasa da abin da banki ke binsa. A shekarun 1980 an yi yayin wata takarda da ake mannawa a bayan mota a Texas da Alberta, mai roƙon Allah ya sake kawo wata bunƙasar mai guda ɗaya, da alkawarin wannan karon ba za a ɓarnatar ba. Duk lokacin da farashi ya sake faɗuwa sai an sake buga ta.

To su waye ke tsira? Abu na farko da na lura da shi shi ne sun san cewa "aikin mai" ba abu ɗaya ba ne. Akwai aikin da ke bin sabuwar haƙa, akwai wanda ke bin abin da aka riga aka gina. Tsatsa ba ta duba farashin ganga. Bututu na ci gaba da cinyewa, tankuna na yoyo, tashoshin tura gas na bukatar gyara, hukumomi na tilasta a duba a gyara. Matatun mai da masana'antun sinadarai, irin waɗanda suka jeru a gaɓar tekun Texas da Louisiana, sukan rufe sashe lokaci-lokaci don babban gyara, kuma arhar ɗanyen mai ba lalle ta cutar da su ba, tunda su masu saye ne. Ribar aikin gyara ba ta kai ta sabon gini ba, ana iya jinkirta shi ma in aljihu ya matse, amma ba a iya soke shi har abada. Shagon da ya riƙe ƙafa ɗaya a nan yana da abin biyan wuta da haya in ɗayar ƙafar ta zame.

Shiga irin wannan aiki sai da takarda. Akwai ƙa'idar API 1104 ta cibiyar man fetur ta Amurka kan waldar bututun mai, da sashe na 9 na ƙa'idojin ASME, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka, na tukwane da bututu masu ɗaukar matsi, da D1.1 ta ƙungiyar masu walda ta Amurka don ƙarfen gini. Jarrabawar da aka fi ji da ita ita ce 6G. Ana kafe bututu a karkace, digiri 45, ba a juya shi. Mai walda ne zai zagaye shi, ya yi ta sama, ya yi ta gefe, ya sunkuya ya yi ta ƙasa inda narkakken ƙarfe ke neman ɗigo masa, yana canza hannu ba tare da ɗinkin ya nuna inda ya tsaya ba. In ya gama a yanko 'yan tsinka-tsinka daga wurin a lanƙwasa su a injin, ko a ɗauki hoton cikin ɗinkin. Tsaga kaɗan ta isa a ce ya faɗi. Kuma shaidar ba ta dawwama: in mutum ya yi wata shida bai taɓa irin wannan walda ba, ta mutu. A nan karayar kasuwa ke yin ɓarna a ɓoye. Shagon da ya sallami kowa ya kulle ƙofa shekara guda, ranar da waya ta sake ƙara ba shi da ko mutum ɗaya mai shaida a raye, gwanayensa kuwa sun koma tuƙin babbar mota ko sun bar jihar. Shi ya sa masu shagon da suka ga jiya kan riƙe mutum uku ko huɗu ko da asara ake, a rage musu awoyi, a sa su gyaran injinan shago da ƙera tirela don sayarwa, hannu dai kada ya kwanta.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a raba ƙafa, a nemi aiki a wajen mai. Gaskiya ce, amma masu faɗarta sukan sauƙaƙa abin fiye da kima. A garin mai, komai mai ne. In kamfanoni suka sallami ma'aikata, ginin gidaje ya tsaya, otal ya bar faɗaɗawa, harajin da hukumar gari ke samu ya ragu, ita ma ta daina ba da aiki. Shaguna goma suka juya kan makiyayi ɗaya, kowa na karya farashi. Sannan hannu ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya saba da bututu mai kauri ba zai wayi gari yana waldar ƙarfen da ba ya tsatsa na masana'antar madara ba, inda ake son cikin ɗinki ya yi sumul don kada ƙwayar cuta ta samu maɓoya, ko alminiyon da ke narkewa ba gargaɗi. Injin daban, gas daban, tsabtar wuri daban. Duk wannan kuɗi da lokaci yake ci, kuma lokacin da ake da kuɗin shi ne lokacin da ba a da lokacin. Raba ƙafa na nufin ka ce wa wakilin kamfanin mai a'a a ranar da yake miƙo maka ninki biyu, don ka gama wa manomi tirelarsa. Ma'aikatanka za su ga kamar ka zautu, maƙwabcinka zai sayi sabuwar mota kana kallo. Kuma in bunƙasar ta yi shekara takwas, kamar yadda takan yi wani lokaci, shi ne zai yi ta dariya shekara bakwai. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Masu irin wannan haƙuri su ne kuma ke zuwa filin gwanjo da kuɗi a hannu. Injin da maƙwabci ya saya da bashi a kan cikakken farashi, su suke ɗauka a kan rabi ko ƙasa da haka, su ɗauki gwanin da aka sallama a wani shagon. Wasu tsofaffin shagunan da ake gani a garuruwan mai a lokutan karaya suka girma.

Girma kuwa ba ya kare kowa. A Scotland, man Tekun Arewa ya haifar da manyan filayen ƙira a shekarun 1970, irin su Nigg da Ardersier da Kishorn, masu ɗaukar dubban ma'aikata suna haɗa dandalolin haƙa. Da odar dandali ta ƙafe, Kishorn ya yi shiru a shekarun 1980, Ardersier ya rufe a farkon shekarun 2000. An sa rai injinan samar da lantarki da iska na cikin teku za su maye gurbi, kuma Nigg ya samu rabo a nan. Amma kamfanin ƙira na BiFab da ya karkata can ya durƙushe a ƙarshen 2020, a daidai lokacin da ake kai irin waɗannan kwangiloli filayen Asiya da Gabas ta Tsakiya masu arha. Sabuwar kasuwa tana zuwa da nata masu gasar.

Wani aikin da ke ƙaruwa shi ne binne abin da mai ya bari. A Afrilu 2020 gwamnatin Kanada ta ware dalar Kanada biliyan 1.7 don rufe rijiyoyin da aka daina amfani da su a lardunan yamma, da nufin samar wa 'yan kwangilar da suka rasa aiki abin yi. Dokar ababen more rayuwa ta Amurka ta 2021 ta ware dala biliyan 4.7 don toshe rijiyoyin da masu su suka gudu suka bari. A ƙarshen irin wannan aiki mai walda ake kira: a yanke bakin bututun ƙasa da doron ƙasa, a liƙe masa faifan ƙarfe, a mayar da ƙasa. Wataƙila ɗan wanda ya haɗa kan rijiyar ne ke rufe ta.

Abin da ya sauya bayan 2020 ya fi damuna fiye da hawa da saukar farashi. Da Rasha ta mamaye Ukraine a 2022 ganga ta haura dala 120, masu shaguna suka gyara zama suna jiran irin ruwan da aka saba. Bai zo da ƙarfin da ba. Masu hannun jari da suka ƙone sau biyu cikin shekara shida sun matsa wa kamfanoni su raba riba maimakon su yi ta haƙa. Fasaha ma ta rage bukatar hannu: injin ɗaya yanzu yana haƙa rijiyoyi da dama daga fili guda, kowace ta miƙe a kwance tsawon kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa. A 1981, da injina sama da 4,000, Amurka na fitar da ganga miliyan 8 da rabi a rana. A 2023 ta fitar da kusan miliyan 13, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba, da injinan da ba su kai 800 ba. Mai ya ƙaru, filayen da ke bukatar tanki da matakala sun ragu.

Masu ba da aikin ma suna raguwa. A Oktoba 2023 ExxonMobil ya sanar da sayen kamfanin mai na Pioneer a kan kusan dala biliyan 60, Chevron ya sanar da sayen kamfanin Hess a cikin wannan watan. In babba ya haɗiye matsakaici, jerin masu kawo kaya biyu sai ya koma ɗaya, a tsaurara sharuɗɗan inshora da na kiyaye haɗari, a mayar da ba da aiki ofishin da ke wani birni mai nisa. Shugaban fili da ya san mai walda shekara goma, wanda kan kira shi da tsakar dare in bututu ya fashe, yanzu sai ya cika fom a kwamfuta ya jira amincewar wanda bai taɓa jin ƙaurin sandar walda ba. Shagon mutum takwas da ba shi da ma'aikacin cika takardu sai ya koma aiki a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, a yanki kaso a kansa, kwana 90 ɗin kuma ya fara ƙirguwa daga ranar da aka biya na samansa.